Ahmad Urabi da Yaƙin da Masar Ta Daɗe Ba Ta Son Tunawa

A farkon watan Oktoba na 1901 wani dattijo ɗan shekara 60 ya iso Alƙahira bayan kusan shekara 19 da ya yi a tsare a tsibirin Silon, ƙasar da a yau ake kira Sri Lanka. An ƙwace gonakinsa tun ranar da aka kore shi, an tuɓe masa kowane muƙami, kuma uku daga cikin abokan da aka kora tare da shi sun riga sun rasu a can. Sunansa Ahmad Urabi. Shekara 20 kafin wannan rana babu wanda Misirawa suke kiran sunansa a tituna kamarsa, domin shi ne ɗan ƙauyen da ya tsaya gaban mai mulkin ƙasar, da runduna a bayansa, yana neman majalisa da adalci. Amma yaƙin da ya jagoranta a 1882 ya ƙare da mummunan kaye, sojojin Birtaniya suka shiga ƙasar suka zauna. Da ya dawo, jaridun masu kishin ƙasa ne suka fara tarbarsa da zagi.

An haife shi a 1841 a ƙauyen Hirriyat Razna, kusa da garin Zagazig a lardin Sharƙiyya. Mahaifinsa ne mai garin. Ya yi karatun allo a gida, aka kai shi Azhar yana yaro ƙarami, ya yi 'yan shekaru a gaban malamai ya koma ƙauye bai kai ga zama malami ba. Ɗan abin da ya samu ya yi masa amfani har tsufa, domin ya iya tsayawa gaban taro ya yi magana da Larabci mai ratsa jiki, yana jawo aya da hadisi, a zamanin da manyan hafsoshin ƙasar Turkanci suke yi a tsakaninsu.

A takarda Masar lardi ce ta Daular Usmaniyya, amma zuriyar Muhammad Ali Basha ce ke riƙe da ita ta hanyar gado, kuma daga 1867 mai mulkin yana ɗauke da sarautar Khidiwi. Rundunar ƙasar rabe take gida biyu. Kuratan manoma ne da ake kamowa daga ƙauyuka, sau da yawa a ɗaure. Manyan hafsoshi kuwa Turkawa ne da Sharkasawa, mutanen da asalinsu ya fito daga duwatsun Kaukasus, kuma su ne 'yan mowa a fada. Sa'id Basha, wanda ya hau mulki a 1854, ya umarci a ɗebi 'ya'yan masu gari a sa su soja, ya kuma buɗe musu hanyar zama hafsoshi. Da wannan umarni Urabi ya sa kaki tun bai cika shekara 15 ba, kuma yana da kamar shekara 20 ya kai laftanar-kanar. Da Sa'id ya rasu a 1863 Isma'il ya gaje shi, sai ƙofar ta rufe. Muƙamin da ya samu da ƙuruciya shi ya ci gaba da riƙewa har ya kusa shekara 40, yana kallon Sharkasawan da suka zo bayansa suna wuce shi.

A cikin waɗannan shekaru ne ya ga yadda gwamnati ke binne yaƙin da ta sha kashi. Isma'il ya yi burin shimfiɗa mulkinsa har tushen Kogin Nilu, ya tura runduna ƙasar Habasha. A watan Nuwamba na 1875 mayaƙan Sarki Yohannes na Huɗu suka kusan ƙarar da ita a Gundet. Aka hana labarin fita a Masar, aka tara wata rundunar da ta fi ta farko, ita ma aka karya ta a Gura a watan Maris na 1876. Kwamandanta Ratib Basha ne, mataimakinsa kuma wani Ba'amurke mai hannu ɗaya, William Loring, tsohon janar na jihohin Kudu da suka sha kaye a yaƙin basasar Amurka, wanda ya zo neman abinci da aikin da ya iya. Urabi yana wannan yaƙi a matsayin mai kula da jigilar kaya daga tashar Massawa zuwa fagen daga. Ya ga dubban manoma sun mutu saboda sakacin shugabanninsu, ya kuma ga manyan sun koma gida da mutuncinsu. Bayan shekara biyu Ratib Basha ya zama ministan yaƙi.

Bashi ne ya ƙarasa abin da Habasha ta fara. Isma'il ya gina hanyoyin jirgin ƙasa da makarantu da fadoji da kuɗin bankunan Turai masu ruwa mai tsanani. A 1875 ya sayar wa gwamnatin Birtaniya hannun jarin Masar a kamfanin mashigin Suwez a kan fam miliyan 4. Shekara guda bayan haka baitulmali ya kasa biya, bashin ya haura fam miliyan 90, masu bin bashi suka kafa hukumarsu a Alƙahira. Zuwa 1878 ɗan Ingila ne ministan kuɗi, Bafaranshe kuma ministan ayyuka. Ana karɓar haraji daga manoma da bulala domin biyan ruwan bashi, a watan Fabrairu na 1879 kuma aka mai da hafsoshi 2,500 kan rabin albashi. A watan Yuni Birtaniya da Faransa suka sa Sultan na Istanbul ya tuɓe Isma'il, aka ɗora ɗansa Taufiƙ, matashi mai raunin zuciya wanda ya san hannun da ya ɗora shi.

Ministan yaƙi na sabuwar gwamnati, Usman Rifƙi, Basharkashe ne, kuma ya shirya dokokin da za su toshe wa kurata 'yan ƙasa hanyar zama hafsoshi. A Janairun 1881 Urabi, wanda a lokacin ya zama kanar, da takwarorinsa Ali Fahmi da Abdul'al Hilmi suka rubuta takardar koke suna neman a cire shi. Ranar 1 ga Fabrairu aka gayyace su barikin Ƙasrun Nil da sunan shirya wani bikin aure na gidan sarauta, suna shiga aka kama su domin a gurfanar da su gaban kotun soja. Wani matashin hafsa, Muhammad Ubaid, ya zo da bataliyarsa ya fasa wurin ya fito da su. Taufiƙ ya sallami Rifƙi, ya naɗa shahararren sha'irin nan Mahmud Sami al-Barudi, wanda yake tare da masu koken ko da yake shi ma jinin Sharkasawa ne.

Daga nan al'amarin ya wuce rigimar ƙarin girma a bariki. Manyan masu gonaki da malaman Azhar da 'yan jarida irin su Abdullahi an-Nadim, kowa da abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya, suka ga cewa soja ne kaɗai fada za ta saurara. Ranar 9 ga Satumba 1881 Urabi ya jagoranci dubban sojoji da igwoginsu zuwa filin fadar Abidin. Taufiƙ ya fito ya same shi a kan doki da takobi zare. A gefen Khidiwin akwai Auckland Colvin, Baturen da ke sa ido kan kuɗin ƙasar, wanda ya matsa masa ya kama kanar ɗin nan take, amma bai iya ba. Buƙatun uku ne: a sauke Firaminista Riyad Basha, a kira majalisar wakilai, a mai da yawan sojoji 18,000 kamar yadda dokar Sultan ta yarda. A littafin tarihin rayuwarsa, wanda ya rubuta da tsufa, Urabi ya ce Khidiwin ya tuna masa cewa ya gaji ƙasar ne daga kakanninsa, shi kuma ya amsa da cewa Allah 'yantattu ya halicce su, kuma daga ranar ba za a sake gadonsu ba. A ranar Riyad ya sauka.

Majalisar ta zauna a Disamba, ta nemi ikon duba kasafin kuɗi, aƙalla ɓangaren da bai shafi biyan bashi ba. Wannan ne Landan da Faris suka kasa haɗiyewa. Ranar 8 ga Janairu 1882 suka aika takardar haɗin gwiwa ta goyon bayan Khidiwi, Misirawa suka karanta ta a matsayin barazana, sai ta tura masu sassaucin ra'ayi cikin sahun sojoji. A Fabrairu Barudi ya zama firaminista, Urabi ministan yaƙi, kuma taken da ke bakin jama'a shi ne Masar ta Misirawa ce. Shi ma bai rasa nasa laifin ba. Da aka ce an gano makircin kashe shi, kotun soja ta yanke wa hafsoshi kusan 40, har da Rifƙi, hukuncin kora zuwa Sudan a shari'ar da aka yi a ɓoye. Taufiƙ ya ƙi sa hannu, ɓaraka ta fito fili, a watan Mayu jiragen yaƙin Birtaniya da Faransa suka yi sahu a gaban Iskandariyya.

Ranar 11 ga Yuni tarzoma ta ɓarke a birnin, aka kashe Turawa kusan 50 da Misirawa da suka fi haka yawa. Bayan wata guda daidai kwamandan jiragen Birtaniya, Seymour, ya buɗe wa ganuwar Iskandariyya wuta da hujjar cewa ana ƙarfafa ta, ya yi fiye da sa'a 10 yana ruwan harsasai, gobara da wawaso suka cinye tsakiyar birnin. Firaministan Birtaniya na lokacin, Gladstone, wanda ya yi suna wajen sukar yaƙe-yaƙen mamaya, yana da kaso mai tsoka na dukiyarsa a takardun bashin Masar. Taufiƙ ya shiga ƙarƙashin kariyar Turawa ya ayyana Urabi ɗan tawaye. A Alƙahira kuwa babban taron malamai da manyan gari da shugabannin Kibɗawa ya ƙi bin umarnin Khidiwi, ya bar wa Urabi tsaron ƙasa. Cikin malaman da suka tsaya masa akwai Shaikh Muhammad Ilish, muftin Malikiyya, mai littafin Minahul Jalil, sharhin Mukhtasar na Khalil da malaman fiƙihu a ƙasar Hausa suka sani.

A Kafr ad-Dawwar, kan hanyar da ta taso daga Iskandariyya, ramukan fakon Misirawa sun tsai da Turawa makonni. Sai Janar Garnet Wolseley, wanda ya ƙone Kumasi a 1874 a yaƙin Asante da sojojin Hausawa na Legas suka yi a ɓangaren Birtaniya, ya zagayo ta mashigin Suwez ya sauka Isma'iliyya ranar 20 ga Agusta. An ba Urabi shawarar ya toshe mashigin tun da wuri. Ya yi jinkiri, ya dogara da tabbacin da maginin mashigin, Ferdinand de Lesseps, ya ba shi cewa babu wanda zai kawo yaƙi ta nan. A farkon Satumba Sultan Abdulhamid ya fitar da sanarwar cewa Urabi ɗan tawaye ne, aka rarraba ta cikin sansani, gwiwar sojojin da ke ganin jihadi suke yi ta yi sanyi. Shugaban majalisar wakilai kansa, Muhammad Sultan Basha, ya riga ya koma wajen Khidiwi yana sayen shugabannin Larabawan hamada da wasu hafsoshi.

Daren 12 ga Satumba Wolseley ya ratsa hamada cikin duhu da sojoji kimanin 13,000, da asubahin ranar 13 suka faɗa wa sansanin Tal al-Kabir. Cikin kamar sa'a guda aka gama. Da yawa daga waɗanda ke cikin ramukan sababbin kurata ne da aka kwaso daga gona makonni kaɗan kafin nan. Wasu sun tsaya, musamman 'yan igwa da sojoji 'yan Sudan, kuma Muhammad Ubaid ya mutu a inda aka ajiye shi. An kashe sojojin Birtaniya 57. Na Masar babu wanda ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ƙiyasin da aka fi ambata ya kusa 2,000. Urabi ya tsere zuwa Alƙahira, da ya ga babu abin da za a kare birnin da shi sai ya miƙa takobinsa washegari da dare. Mutum ne mai gaskiya kuma gwanin magana, amma tsara yaƙi ba fanninsa ba ne, kuma kafin wannan shekara bai taɓa jagorantar runduna a fagen daga ba.

Masu nasara sun san yadda za su adana ranar. Aka ba Wolseley sarautar Lord mai haɗe da sunan Alƙahira, aka buga lambar yabo mai ɗauke da sunan Tal al-Kabir, rundunonin da suka yi yaƙin suka rubuta sunan a tutocinsu, aka kuma keɓe makabarta kusa da tashar jirgin ƙasa ta garin, inda matafiya ke hango dutsen tunawa da matattun Birtaniya. Ranar 30 ga Satumba sojojin mamaya suka yi fareti a filin Abidin, Taufiƙ yana karɓar gaisuwa. Ya ƙara da ba kowane sojan Birtaniya da ya yaƙi rundunarsa tauraron tagulla da ake kira Tauraron Khidiwi. Rundunar Masar kuwa, tun ranar 19 ga wata ya rusa ta da doka mai layi ɗaya, aka ce kowa ya kama gabansa.

Ba a bar su sun huta ba. A Sudan Muhammad Ahmad, wanda ya ce shi ne Mahadi, yana cin gari bayan gari, a Janairun 1883 ya karɓi Ubayyid. Gwamnatin Alƙahira tana buƙatar sojoji, tana kuma son rabuwa da waɗanda take zargi da son Urabi, sai aka bi tsofaffin sojojinsa ƙauye-ƙauye aka sake kamo su, aka tura su kudu, da yawansu cikin sarƙa. Aka ɗora musu wani hafsan Birtaniya da ya yi ritaya daga rundunar Indiya, William Hicks. Ya shiga Kordofan da mutum kimanin 10,000, ƙishirwa ta galabaitar da su, a farkon Nuwamba 1883 mayaƙan Mahadi suka rutsa da su a dajin Shaikan. 'Yan ɗaruruwa ne suka rayu.

Shi kuwa Urabi, fada ta so a kashe shi. Wani marubuci ɗan Ingila mai ƙaunar Larabawa, Wilfrid Blunt, ya ɗauko masa lauya, gwamnatin Birtaniya kuma ta ga cewa doguwar shari'a za ta tono wasiƙun da za su kunyata Khidiwi da Sultan. Aka daidaita a bayan fage. Ranar 3 ga Disamba 1882 ya amsa laifin tawaye, aka janye tuhumar tarzoma da ƙone Iskandariyya, aka yanke masa hukuncin kisa, nan take aka karanta takardar mai da shi kora ta har abada. Wasu ba su sami wannan sassauci ba. Shaikh Ilish, tsoho marar lafiya ɗan shekara 80, an ɗauko shi daga gida ya rasu a tsare. Aka kori Shaikh Muhammad Abduh daga ƙasar. An-Nadim ya ɓuya a ƙauyuka shekara tara, manoma suna rufa masa asiri duk da tukuicin da aka sa a kansa.

Su bakwai aka sa a jirgi, suka isa Kolombo a Janairun 1883, Musulmin tsibirin suka fito tarbarsu kamar manyan baƙi. Urabi ya zauna Kolombo, daga baya ya koma Kandi cikin tsaunuka, yana rayuwa da ɗan alawus da gwamnatin Masar ke aikowa. Ya ƙarfafa wa shugabannin Musulmin wurin gwiwa su haɗa karatun addini da na zamani, kuma yana cikin waɗanda suka tsaya aka kafa makarantar Zahira a Kolombo a 1892, wadda har yau tana nan. Dogon zama ya ci abokan. Suka riƙa zargin juna kan wanda ya jawo faɗuwar, uku suka rasu, Barudi ya kusan makancewa kafin a bar shi ya koma gida a 1899. A 1901 Khidiwi Abbas Hilmi na Biyu, ɗan Taufiƙ, ya yi wa Urabi afuwa.

Masar da ya tarar tana hannun Lord Cromer, wakilin Birtaniya da ya juya ta daga bayan labule tun 1883. Wasu sababbin masu kishin ƙasa sun taso a ƙarƙashin matashin lauya Mustafa Kamil, kuma suna da dalilinsu na ƙin tsohon. Fafutukarsu ta dogara da goyon bayan Khidiwi Abbas da na Sultan, gidaje biyu da suka ayyana Urabi ɗan tawaye. Ya kuma fi musu sauƙi su ce gangancin soja ɗaya ne ya buɗe wa Turawa ƙofa, a kan su yarda cewa fada da manyan masu gonaki sun juya wa rundunarsu baya. Maganganun sassauci da ya yi wa 'yan jarida game da mulkin Birtaniya, irin na tsohon da ke son a bar shi ya mutu a gida, sun ba su abin kamawa. Jaridar al-Liwa ta Mustafa Kamil ta yi masa kaca-kaca, ta zarge shi da jawo mamayar da kuma dawowa a inuwar Turawa. Ahmad Shauƙi, sha'irin fada, ya yi masa waƙoƙin zambo. A bakin mutanen gari abin da ya faru duka ya koma hargitsin Urabi kawai.

Ya yi shekara 10 a Alƙahira cikin ƙunci, yana rubuta takardu ga hukumomi yana neman a mai da masa dukiyarsa, ba a mai da ba. A cikin wannan zama ya rubuta tarihin rayuwarsa domin ya wanke kansa. Ya rasu ranar 21 ga Satumba 1911, aka binne shi ba tare da wata karramawa ta hukuma ba.

Bayan 1922 Masar ta sami 'yancin kai na jeka-na-yi-ka, kuma Sarki Fu'ad, ƙanen Taufiƙ, ya kashe kuɗi wajen tara takardun tarihi a fadar Abidin da ɗaukar masana su rubuta tarihin kakanninsa. A irin wannan tarihi babu gurbin kanar ɗin da ya zare takobi a ƙofar wannan fada. Ko Abdurrahman ar-Rafi'i, babban marubucin tarihin kishin ƙasa, wanda ya kira abin da ya faru juyin juya hali a littafinsa na 1937, ya tsananta wa Urabi kan rashin hangen nesa da saurin miƙa wuya. Shi kuwa ɗan jam'iyyar Mustafa Kamil ne. Sai a 1947 Mahmud al-Khafif ya fitar da littafi sukutum yana kare shi a matsayin shugaban da aka yi wa ƙazafi.

Waɗanda suka ɗaga shi sama su ma daga yaƙin da aka sha kashi suka fito. Hafsoshin da suka kifar da Sarki Faruƙ a watan Yuli na 1952 sun yi yaƙin Falasɗinu na 1948, Jamal Abdul Nasir yana cikin waɗanda aka yi wa ƙawanya a Faluja, kuma sun dawo suna zargin fada da cin amanarsu. Da yawansu 'ya'yan ƙananan ma'aikata ne da manoma, suna buƙatar kaka a tarihi, ga shi kuwa a ajiye: hafsa ɗan ƙauye da ya yi karo da fada da Turawa. Aka buga tarihin rayuwarsa a 1953 da gabatarwar Janar Muhammad Najib. Musayar maganarsa da Taufiƙ ta shiga littattafan makaranta, yara suna haddacewa. Da sojojin Birtaniya na ƙarshe suka fice daga yankin Suwez a Yunin 1956, shekara 74 bayan saukarsu, aka ɗauki abin a matsayin kammala aikin da ya fara. Yau akwai tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da sunansa a Alƙahira, da fili a Iskandariyya, da gidan tarihi a ƙauyensu, kuma 9 ga Satumba ita ce ranar lardin Sharƙiyya. Gidan da ya zauna a Kandi ya zama cibiyar al'adu mai sunansa.

Sabon labarin ma ya zaɓi abin da zai ɗauka. Ya riƙe doki da takobi, ya yi sakaci da majalisar da aka je Abidin nema. A Disamban 1952 gwamnatin hafsoshi ta soke tsarin mulkin 1923, a Janairun 1953, shekarar da aka buga littafinsa, ta rusa jam'iyyun siyasa duka. Tal al-Kabir kuma ta zama labarin cin amana zalla, na Khidiwi da de Lesseps da hafsoshin da aka saya. Cin amanar ta faru, amma ba a cika tsayawa kan jinkirin shugaban ba, ko kan kuratan da aka jera a rami ba su gama koyon bindiga ba.

Muhammad Ubaid ya sami gurbinsa cikin jaruman ƙasa. Sauran, waɗanda suka tsira daga Tal al-Kabir aka kai su Kordofan, sun faɗa tarihin wata ƙasa. A Sudan Shaikan ranar nasarar Mahadiyya ce, akwai gidan tarihi mai wannan suna a Ubayyid, ƙaramar hukumar da birnin yake ciki ma sunanta ke nan. A littattafan Masar da na Ingila kuwa ana kiransu rundunar Hicks, da sunan Baturen da ya kai su dajin.